Oxford ko Harvard: yadda na ga shekarata ɗaya a Blavatnik

Wata ƙanwata a wurin aiki ta tare ni a bakin ofis makon jiya, ta ce, "Yaya, in kai ne, Harvard ko Oxford?" Na ce mata ai ni ma na taɓa tsayawa a wannan mararraba, kuma na bi hanyar Jami'ar Oxford ta Ingila, Makarantar Blavatnik, inda na yi digiri na biyu kan tsara manufofin gwamnati.

Lokaci ne ya raba gardama. Irin wannan digiri a Makarantar Kennedy ta Jami'ar Harvard a Amurka shekara biyu ne, na Blavatnik shekara ɗaya. Ma'aikatarmu kuwa da ƙyar ta sa hannu a hutun karatu na wata goma sha biyu, bayan fayil ɗina ya yi wata uku yana kwance a teburin wani darakta. Ga iyali, ga mahaifiya ta manyanta. Sai kuma batun kuɗi: gidauniyar Aig-Imoukhuede tana ɗaukar nauyin ma'aikatan gwamnati 'yan Najeriya zuwa wannan makaranta, da sharaɗin su dawo bakin aikinsu. Duk wanda ya san farashin fam, kuɗin Ingila, a yau ya san ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Makarantar sabuwa ce a cikin tsohuwar jami'a. An kafa ta a 2010 da kyautar fam miliyan 75 daga Leonard Blavatnik, ɗalibai na farko suka shiga a 2012. Ginin yana kan titin Walton, na gilashi, zagayayye kamar faifai da aka jera wani kan wani, tsakiyarsa fili buɗe inda kowa ke haɗuwa da kowa.

A wannan fili na fi ƙaruwa. Mun haura mutum ɗari a aji, daga ƙasashe barkatai, yawancinmu mun taɓa riƙe aiki. Wata rana bayan darasin tattalin arziki na zauna da wani ɗan Indonesiya, ma'aikacin baitulmalin ƙasarsu. Ya ciro takarda ya zana mini yadda suka ƙara kuɗin mai a 2005, suka haɗa da raba wa talakawa kuɗi kai tsaye, da rigimar da aka sha wajen tantance wane ne talaka. Har shayinmu ya huce ba mu tashi ba. Da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan takardar na fara lalubowa a cikin jakata.

Darasin auna hujja ma ya canza yadda nake karanta rahoto. Yanzu in an ce shiri ya yi nasara, sai na tambaya: an kwatanta da waɗanda ba su samu ba?

Amma shekara ɗaya gudu ce, wannan kam a sani. Na je da rauni a lissafin ƙididdiga, na riƙa kwana ina bitar abin da ya kamata in iya tun daga gida. Wanda yake son sauya fanni gaba ɗaya, ko ya nutsa a tattalin arziki, shekara biyun Harvard za ta fi masa, tunda akwai aikin koyo a hutun tsakiya, shekara ta biyu kuma a yi wa wata hukuma ta gaske bincike. A Blavatnik aikin koyon makonni ne a ƙarshen shekara.

Zaman garin yana da daɗi in aka jure sanyi. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, sai ka fito aji ka haɗa da neman wurin sallar magariba. Naman halal a titin Cowley nake saye, Juma'a kuma a masallacin Manzil Way, duk a kan keke. Kuɗin haya ne kawai ke cin aljihu.

Ƙanwar tawa tana da shekara bakwai a sashen kasafin kuɗi, ba ta da niyyar barin aiki, ga yara biyu. Na ce ta nemi Blavatnik, na kuma kawo mata littafin ƙididdigata washegari, ta fara tun yanzu.