Takalmin Gudun Fanfalaki: Wanne Za Ka Saya Idan Kana Son Rage Lokacinka?

Duk wanda ya taɓa kammala kilomita 42.195 ya san abin da ke biyo baya. Tun ciwon cinya bai sake shi ba, zuciya ta fara lissafin yadda zai zaftare minti biyar ko goma a karo na gaba. Daga nan sai ido ya koma kan takalmi. Iri uku ne a gabanka, kowanne da aikinsa.

Wanda ake ta yayi shi ne mai farantin kabon a cikin tafi. Kamfanin Nike ne ya buɗe wannan ƙofa da Vaporfly a 2017. Gwajin da aka yi a Jami'ar Kolorado ta Amurka ya nuna yana rage ƙarfin da jiki ke kashewa wajen gudu da kusan kashi 4 cikin 100. Da yawa suna zaton farantin ne ke cilla mutum gaba kamar sifirin, alhali babban aikin na soson ne. Soso ne mara nauyi da ake kira PEBA, wanda in ka taka shi ya lotsa, sai ya taso ya mayar maka da mafi yawan ƙarfin da ka zuba. Shi farantin yana tallafe soson, yana kuma hana yatsu yawan lanƙwasa.

Babu mai musun cewa yana aiki. Da samfurin Alphafly, wani takalmin Nike mai faranti, ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 (1:59:40) a birnin Biyana na Ostiriya a 2019, ko da yake ba a lissafa gudun a matsayin tarihin duniya ba. A 2023 Kelvin Kiptum, shi ma ɗan Kenya, ya yi 2:00:35 a Shikago, Tigst Assefa ta Habasha kuma ta yi 2:11:53 a Balin sanye da Adizero Adios Pro Evo 1 na Adidas, takalmin da nauyinsa giram 138 ne kacal. Tun a 2020 ma abin ya kai World Athletics, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, ta kafa doka: kaurin tafi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak.

Sai dai ka tsaya ka auna kanka kafin ka ciro kuɗi. Rage ƙarfi da kashi 4 ba ya nufin rage lokaci da kashi 4, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ribar tana raguwa ga mai gudu a hankali. Idan awa huɗu kake yi, kashi 1 na lokacinka minti biyu ne da daƙiƙa 24. Ga wanda ya tsaya a 4:02 yana mafarkin sauka ƙasa da awa huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga wanda ke tafiya da ƙafa daga kilomita 30 saboda atisaye bai ishe shi ba, takalmi ba zai cike masa giɓin ba.

Akwai kuma abin da ba ka gani a cikin shago. Tafin yana da tsawo, ga taushi, duga-dugansa siriri. A kilomita goma na farko za ka ji kamar ana ɗaga ka. A kilomita 35, lokacin da ƙugu ya saki, kafaɗa ta zube, kana sauke dunduniya da nauyi, sai idon sawu ya fara lilo hagu da dama a kowane taku, sharaɓa ta ɗaure. Ribar da ka tara da safe tana iya zubewa a nan. Ga shi soson ba ya jimiri kamar na takalmin yau da kullum, don haka ba na atisaye ba ne, na ranar gasa ne da 'yan gwaje-gwaje kafinta.

Na biyu shi ne na tsaka-tsaki, irin su Endorphin Speed na Saucony mai farantin nailan, ko Adizero Boston na Adidas. Sosonsu mai kyau ne, tafinsu ya fi faɗi, ba su da taurin kabon zalla, sun kuma fi daɗewa. A ganina, mafi yawan masu gama gudu tsakanin awa uku da rabi zuwa biyar nan ya kamata su fara dubawa, domin da takalmi ɗaya za ka yi atisayen sauri, ka kuma shiga gasa da shi ƙafarka ta riga ta san shi.

Na uku, takalmin atisaye na kullum, ba ya burge kowa amma shi ke ɗaukar watanni huɗun shiri. Yakan kai kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu. Aibinsa nauyi: kowane ƙarin giram 100 a ƙafa yana ƙara wa jiki aiki da kusan kashi 1. In kuɗinka na ɗaya ne kawai, tsakaninsa da na tsaka-tsaki za ka zaɓa. Mai kabon ya jira.

Kowanne ka ɗauka, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gasa da ita. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Ba a fafe gora ranar tafiya: saura mako uku ko huɗu, ka sa shi ka yi kilomita 25 zuwa 30, goman ƙarshe da saurin da kake niyyar yi ranar gasa. In ka cire ka ga bororo a tsakiyar tafin ƙafa, ko ka ji idon sawu na zogi washegari, da sauran lokacin komawa kan wanda ka saba da shi.