Motar kwana da muka ɗauka haya a Bergen

Tun da na dawo Argungu ake tare ni a majalisa bayan la'asar da tambaya ɗaya: da gaske ne kwana shida muka yi a cikin mota, ni da maiɗakina da ƙanena? Gaske ne. Ƙanen nawa yana aiki a Bergen, birnin bakin teku na ƙasar Norwe, shi ya karɓo mana motar haya a watan Yuni.

Girmanta kamar bas ɗin da ke jigila zuwa Birnin Kebbi, amma ciki ɗaki ne sosai: gado biyu, murhun gas mai kai biyu, ɗan firij, tankin ruwa da ƙaramin ban ɗaki. Murhun nan shi ya fi komai amfani. Abincin waje tsada gare shi ƙwarai, ga kokwanton yankan nama. Hajiya ta tafi da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji, kifi kuwa sai wanda ka zaɓa. A bakin Sognefjord muka ci tuwo da miyar kuka, ƙofar mota a buɗe, ruwa shiru kamar an shimfiɗa tabarma. Wannan ruwa hannun teku ne da ya kutsa tsakanin duwatsu sama da kilomita 200, zurfinsa a wani wuri ya wuce mita 1,300. Ni da na tashi a bakin kogin Matan Fada, ina ganin na san ruwa, sai da na ajiye loma na tsaya ina tasbihi.

Tuƙi a hannun dama suke yi kamar mu, fitila a kunne ko da rana. Mun bi ramin Lærdal da aka fasa ta cikin dutse, kilomita 24.5, an buɗe shi a 2000. Motar ba ta ba mu matsala ba a nan, haka ma wajen shiga jirgin fito. Inda faɗinta ya dame mu shi ne hawan Stegastein, wani wurin hangen ruwa daga saman dutse, hanya siririya mai kwana-kwana. Sau biyu ƙanena yana cewa, "Yaya, leƙa min baya," yana ja da baya don wata mota ta wuce.

Labulen motarmu masu kauri ne, kuma na gode wa wanda ya sa su, domin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare. Magariba da isha da asuba duk sun matso juna, barcin kirki sai bayan asuba.

A Bergen kuwa motar ta zame mana kaya a kai. Wurin ajiyewa wuya, sai muka bar ta a bayan gari muka shiga da ƙafa, ruwan sama na dukanmu. Mun ga Bryggen, jerin tsofaffin gidajen katako na fataken Jamus masu cinikin busasshen kifi, irin wanda har yau ake kawowa kasuwanninmu daga Norwe.

Kamfanin dai ya ɓata min rai a wuri biyu. Tukunyar gas da suka ce cike take ta ƙare a dare na uku, shinkafa na kan wuta, sanyi na shigowa. Sannan kuɗin hanya: kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, ba mai tsayar da kai, sai bayan mako biyu suka aiko wa ƙanena lissafi har da ladan kansu a kai, abin da ba wanda ya faɗa mana ranar karɓar makulli. Kwashe tankin ban ɗaki ma a gurguje suka nuna.

Wanda zai je da iyali, ina ba shi shawarar motar, amma ya ɗaga tukunyar gas da hannunsa ya ji nauyinta, ya kuma sa a rubuta masa maganar kuɗin hanya kafin ya sa hannu.