Na gwada hasken leza bayan cire haƙori a Ikeja, ga yadda muka kwashe

Jama'a tunda na sa hoton kumatuna a kumbure a sitatus mutane suke ta tambayata wai mene ne wannan leza ɗin da aka haska min bayan an cire min haƙori, ya ci kuɗinsa ko dai wata hanyar tatsar mutane ce irin ta Legas. To yau kwana 16 kenan da cirewa, bakin ya dawo daidai, bari in faɗa muku abin da na gani da idona.

Ni dai a Mile 12 nake, harkar albasa, gidana kuma Agege. Haƙorin da ya dame ni turmi ne na can ƙarshe, ƙasa ta hannun dama, irin wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, to nawa bai fito a tsaye ba kwanciya ya yi ya tokare na gabansa, rabi a waje rabi cikin dasashi, duk abin da na ci sai ya shige ƙarƙashin naman ya ruɓe. Na tauna kanumfari, na haɗiyi fanadol kamar gyaɗa, wani ma a kasuwa cewa ya yi in ɗiga ruwan batir, Allah ya tsare ban biye masa ba, kuma don Allah kar wanda ya yi wannan gangancin, asid ne fa, nama yake ci. Ranar da na kasa buɗe baki in yi ciniki da kwastoma ita ce ranar da na ce to an zo wajen.

Da farko LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, na yi niyya don suna da babban sashen haƙori, amma lokacin motoci na ta sauke kaya daga Arewa ba zan iya barin rumfa in yini ba, sai wani abokina ɗan canji ya kwatanta min wani kilinik mai zaman kansa a yankin Ikeja. Ba zan kama suna ba don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe. Wajen tsaf, sanyin esi, janareto na tashi da kansa in an ɗauke wuta, ba a bar ni ina jira ya wuce minti ashirin ba. Likitar mace ce Bayerabiya, ashe a Sakkwato ta yi bautar ƙasa, tana ganina ta ce "Alhaji sannu, ina ke ciwo?" wallahi nan take rabin tsorona ya tafi. Aka ɗauki hoton muƙamuƙin, ta nuna min yadda haƙorin ya kwanta, ta ce wannan ba na fizga ba ne sai an tsaga dasashi an raba shi biyu. Allura biyu, bakin ya mutu, ƙarar injin kawai nake ji a cikin ƙwaƙwalwata, wajen minti arba'in aka gama aka yi ɗinki. Aikinta dai babu abin da zan ce sai Allah ya saka.

Inda maganar leza ta shigo shi ne wajen biyan kuɗi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanta ta ce Oga akwai wani sabon abu daga waje, in aka haska maka ba kumburi ba ciwo, kwana biyu ka koma cin nama. Ka san mutumin da aka tsaga wa baki yana cije da auduga, ko me aka ce masa zai ɗaga kai. Naira dubu goma sha biyar kowane zama, zama uku suka rubuta min, ranar cirewa da kwana na biyu da na huɗu. Na biya na farko na ce sauran sai na gani.

Abin ba wani ƙaton inji ba ne kamar yadda na zata. Ɗan akwati ne kamar rediyo, da waya, da wani abu a baki kamar biro mai kauri. Suka sa min baƙin tabarau, likitar da nas ɗin su ma suka sa nasu, ta ce kar in kuskura in cire don hasken ba ya ƙona fata amma yana iya lalata ido in ya shiga kai tsaye. Ta ɗora kan abin a gefen ramin ta ciki, ta ciki-ciki ta wajen harshe, sannan ta fito waje ta ɗora a kan kumatu daidai kusurwar muƙamuƙi inda naman tauna yake, kowane waje ƴan daƙiƙoƙi injin ya yi ƙara ɗit ta matsa gaba. Duka-duka bai kai minti goma ba. Ban ji komai ba. Ba zafi ba ƙaiƙayi, ko ɗumi ban ji ba, har na ce mata Dakta anya abin nan a kunne yake kuwa? Ta yi dariya ta ce shi ya sa ake ce masa leza mai sanyi, ƙarfinsa bai kai rabin wat ba, wanda ake yanka nama da shi a tiyata daban ne, ya ninninka wannan ƙarfi. Ta ce haske iri biyu ake amfani da shi, ja wanda ido ke gani mai tsawon zango wajen nanomita 660 shi ba ya nitsewa sosai, na saman nama ne, sai kuma wanda ido ba ya gani wajen 808 shi ne ke ratsawa ciki, shi ta sa min ta kan kumatu.

Da daddare barci ya ƙi zuwa sai na kira ɗan ƙanwata da ke karatun likita, na ce kai yaro an haska wa Kawunka tocila an karɓi dubu sha biyar, damfara ce ko ilimi? Ya ce Kawu ba damfara ba ce, abin ya daɗe. Wai wani likita ne ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, a birnin Budafes a 1967, yana so ya ga ko hasken leza na jawo cutar kansa, wato ciwon daji, sai ya aske bayan ɓeraye ya haska wa wasu ya bar wasu, kansar ba ta fito ba, sai ma ya ga gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya fara gwadawa a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Yadda ya fassara min, a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wasu ƙananan abubuwa kamar janareto, mitokondiriya, su ke samar da ƙarfin da nama ke aiki da shi, to akwai wani sinadari a cikinsu da ke shan jan haske, in ya sha sai janareton ya ƙara wuta, jini ya ƙara gudu a wajen, kumburi ya lafa. Amma ya ja min kunne, ya ce inda aka fi samun hujja mai ƙarfi shi ne gyambon bakin da ke fito wa masu cutar kansa bayan an gasa musu wajen da na'ura ko an yi musu ƙarin ruwan maganin kansa, har hukumar NICE mai tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da shi don wannan a 2018. Maganar cire haƙori kuwa binciken ya rabu, wasu sun ga ciwo da kumburi da ƙagewar baki sun ragu, wasu ba su ga wani bambanci ba, kuma kowa da irin injinsa da yawan mintinsa. Na ce to ai ka gama magana, ni ne ɓeran kenan.

Yanzu ga abin da ya faru a bakina. Daren farko da allura ta sake ni na ji ciwo, ba ƙarya, amma irin wanda ibufurofen da fanadol suka iya da shi. Kwana na biyu na tashi kumatu kamar na ɓoye lemon tsami a ciki, nan na tuna yarinyar kanta da "ba kumburi" ɗinta, raina ya ɓaci. Na koma zama na biyu ina huci, likitar ta ce ita ba ta taɓa cewa ba za a kumbura ba, duk wanda aka taɓa wa ƙashi sai ya kumbura kuma kwana na biyu zuwa na uku ne yake kai maƙura sannan ya fara sauka, leza rage shi kawai ake fata ya yi. Na ce to Dakta ki faɗa wa ta waje ta daina yi wa mutane alkawarin da ba ke kika ɗauka ba. Wannan shi ne babban abin da na riƙe su da shi, na ciki na faɗin gaskiya na waje na tallan maganin gargajiya na bakin tasha.

Inda na ga abu da gaske shi ne buɗe baki. Kafin zama na biyu yatsa ɗaya da ƙyar ke shiga tsakanin haƙorana, cokalin koko ma sai na karkata shi, da yamma bayan an haska kan muƙamuƙin sai na ji naman ya saki, washegari yatsu biyu na shiga. Zogin nan mai bugawa kamar ganga shi ma ya yi sauƙi na wasu awoyi bayan kowane zama. Ko leza ce, ko magani ne, ko lokacinsa ne ya yi, ni dai abin da na ji kenan.

Wasu za su ce ai Alhaji ka taɓa cire na hagu shekara biyu da suka wuce ba leza kuma ka sha wuya, ga hujja nan. E na sha wuya, sati biyu ban runtsa da kyau ba, amma in zan yi adalci laifina ne. Wancan karon ina fitowa na zare audugar na dinga tofar da yawu a hanya, la'asar ta yi na kurkure baki da ƙarfi wajen alwala kamar kullum, washegari na jefa goro. Gudan jinin da ke toshe ramin, wanda shi ne murfin da nama ke tsirowa a ƙarƙashinsa, ya fice, ƙashi ya zauna a buɗe, kwana na uku ciwo ya taso har cikin kunne ga wari. Wannan karon kuwa na bi doka, na cije auduga wajen minti arba'in, awa 24 ban kurkure ba ban tofar ba, in zan yi alwala sai in ɗan sa ruwa a baki a hankali in sunkuya ya zubo da kansa, bayan nan ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci, ba goro, ba zuƙar lemo da tsinke, koko da kunun gyaɗa sai sun huce. Masu shan sigari da shisha ku kuma naku ya fi, zuƙar nan ita ke tsotso gudan jinin waje, kuma ba hasken da zai mayar da shi. To ka ga ba zan iya ɗaukar duk ladan in ba injin ba.

Zama na uku ban je ba. Dalili kuwa lissafi ne na ɗan kasuwa, daga Mile 12 zuwa Ikeja a gosulon Legas, ka bar rumfa wajen yara, ka hau danfo ana jijjiga ka da kumburarren baki kwandasta na ihu a kunnenka, ka kashe rabin yini don a haska maka minti takwas, ga dubu sha biyar a kai. Kwana na huɗu kumburin ya riga ya fara sauka da kansa. Na kira na ce ba zan samu zuwa ba, ba su matsa ba, wannan ma na yaba musu. Kwana na bakwai na koma aka cire zare, ta duba ta ce naman ya haɗe da kyau, amma ramin sai ya yi makonni kafin ya rufe, ƙashin ciki kuma watanni yake ɗauka, da leza da babu.

In za a tambaye ni maki, aikin cirewa tara cikin goma, leza shida, bakin yarinyar kanta biyu. Wanda za a yi wa irin tawa, a tsaga a taɓa ƙashi, kuma yana da halin biya bai takura ba, ya karɓi na ranar cirewa tunda yana kan kujerar, in gidansa ko shagonsa kusa ne ya ƙara na kwana biyu don muƙamuƙi. Wanda kuwa haƙorinsa na girgiɗi ne za a zare cikin minti biyar, ni ban ga abin da zai saya da kuɗin ba. Kuma in kuɗin ya zama zaɓi ne tsakanin leza da magungunan da aka rubuta, a sayi magani. Ka tambaya kafin ka biya, likita ne zai haska da kansa ko wa, zama nawa, kuma za a ba ka tabarau? In aka ce ba tabarau tashi ka kama gabanka. Mai ciki ko mai wani ƙari a baki da ba a gano kansa ba ya faɗa wa likita tun kafin a kunna.

Kwana na goma sha biyu na tsaya wajen mai tsirenmu a Agege na ce ya yanka min ƙanana ya rage yaji, na ci ta ɓangaren hagu ina lallaɓawa kamar ɓarawo. Saura na sama guda biyu, ta ce su a tsaye suka fito, in dai ina kai buroshi can ƙarshe ba sai an taɓa su ba.