Gargaɗi ga masu gyaran gareji: ku kula da masu tallan "cikakken kayan aiki" a intanet

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin ba kowa ke son fitowa ya ce an damfare shi ba, balle mutum irina da ya haura shekara ashirin yana taɓa ƙarfe da katako. Amma shekaranjiya na sake cin karo da tallan mutanen nan. Sun sauya sunan shafi, hotunan kuwa su ne dai waɗanda suka ja ni. Sai na ga in na ci gaba da yin shiru, akwai alhakin wanda zai faɗa bayana a wuyana.

Garejin gidana a nan Kano ya daɗe bai ga mota ba. Ya koma juji: tsofaffin tayoyi, gwangwanayen fenti da suka bushe, keken yara mara ƙafa, sifanoni da ƙusoshi a cikin buhu. Duk ranar da zan gyara ƙofa ko famfo, sai na ɓata rabin awa ina neman sukudireba. Bayan ƙaramar Sallah na ƙudura zan mai da shi wurin aiki na sosai, a sake wayarin, a sa soket huɗu, a kafa teburin aiki, a jera kantocin ƙarfe a bango ɗaya, a manna allon rataye kaya a ɗayan. Na je Ƙofar Ruwa na ji kuɗin ƙarfe, na leƙa kasuwar katako ta Na'ibawa, na bi ta France Road na tambayi waya. Da na haɗa lissafi sai jikina ya yi sanyi, don ko injuna ban sa a ciki ba.

A daren nan ne tallan ya fito mini a Facebook. Gareji ne tsaf, kantoci a jere, injin huda da giranda da zarton lantarki kowanne a mazauninsa. An rubuta wai kayan Beljiyam ne, kwantena ta sauka a Legas, suna haɗa wa mutum komai a farashi ɗaya su aiko masa duk inda yake. Na taɓa lambar, ta kai ni WhatsApp.

Wanda ya amsa Bahaushe ne, ko kuma ya iya Hausa kamar jakin Kano. "Ranka ya daɗe Alhaji, ai ka zo gida. Mu ba ma son mutum ya tura kuɗi mai yawa tashin farko, fara gwada mu da ƙaramin abu." Wannan maganar ita ce ƙugiyar, kuma ita nake so kowa ya riƙe. Na sayi saitin sifana da abin awo na naira 28,000. Kwana huɗu kaya suka iso tasha, masu kyau, babu abin kushewa. Har ya kira ya ji ko sun yi mini. Wannan naira 28,000 ɗin ba riba yake nema da ita ba, kuɗin sayen amanata ne, kuma ya saya da araha.

Daga nan muka shiga babban ciniki: injin huda mai batir biyu na Makita, giranda da fayafayan yanka, zarto mai zagaye, naɗin waya biyu mai kaurin 2.5, kantoci huɗu da saman tebur. Duka naira 640,000. Na ce ina son in gani da idona. Ya kira ni ta bidiyo, yana yawo a cikin wani babban shago cike da kaya, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan. Daga baya na tuna cewa bai taɓa juya kyamarar ta nuna allon shagon ba, kuma babu wanda ya kula shi a cikin yaran wurin. Mai yiwuwa shi ma shiga ya yi a matsayin mai saye, ya yi ta yi mini tallan kayan mutane.

Ya nemi kafin alƙalami kashi 70 cikin ɗari, wato 448,000. Lambar asusun da ya turo ba sunan kamfanin da ke shafin ba ce, sunan wata mace ce. Na yi magana. "Alhaji, akawun ɗin matata ne, na kamfani ya samu matsala da banki, Litinin za a buɗe." Uwargidana tana gefe tana jinmu, ta ce, "Malam, wannan fa cinikin biri a sama ne." Na ce mata ai na gwada shi. Na tura.

Bayan kwana biyu ya dawo da cewa masu lodi da direba suna neman 35,000. Na tura. Bayan kwana shida ya turo hoton takardar webil da lambar wani direba, ya ce kwali biyu sun iso Kano, amma direban ba zai saki ba sai ya ji daga bakinsa cewa na cika sauran 192,000. Kantoci da tebur kuma suna wata motar, saboda nauyi. Na je tasha, na ga kwalaye biyu an naɗe su da salatef kamar gawa, na ɗaga na ji nauyi. Direban ya ce shi dai saƙo aka ba shi, ba a buɗewa sai an sallame shi. Ina tsaye a rana, mutane na ta kaiwa da komowa, na cika kuɗin. Jimla 675,000.

Yanzu ga abin da na tarar, kuma a nan zan ɗan tsaya, don ko wanda zai saya hannu da hannu zai amfana.

Batiran sun zo da rubutun 18V 5.0Ah. Da na ɗaga ɗaya na ji kamar ba komai a ciki. Batirin gaske na wannan girman ƙwayoyi goma ne a cikinsa, irin waɗanda ake kira 18650: biyar a jere su ba da bolt 18, sannan a ninka layin biyu don a samu ƙarfin riƙe caji. Nauyinsa yakan ɗan haura giram 600. Na kai nawa kan sikelin mai shagon unguwarmu, bai kai 400 ba. Na kwance shi, ƙwayoyi biyar ne kacal babu ko tambari a jikinsu, an cike gurbin sauran da soso. Injin hudar kansa launinsa ya yi kama, amma rubutun jikinsa sitika ce da farce ke ɗayewa, kuma a kan kwalin an buga 198V. Babu injin hannu na Makita mai wannan lambar. Nasu masu batir da aka sani 12 ne, da 18, da 40. Duk inda kuka ga an rubuta ɗari da wani abu ko ɗari uku da wani abu a jikin ƙaramin injin batir, ƙarya ce tsirara. Wani abu kuma da ya kamata a sani, ganin an rubuta ƙirar China ba shi ke nuna jabu ba, domin kamfanin na Japan ne amma yana da masana'antu a China da Romaniya da wasu ƙasashe. A duba lambar samfurin a shafin kamfanin, a gwada ta da abin da ke hannu.

Abu ɗaya tak na gaske a cikin kwalayen shi ne zarton, tsohon gwanjo ne mai kyau. Sai dai na Amurka ne. Wutarsu can bolt 120 ce, tamu kuwa 230. An liƙa wata 'yar takarda a kan farantin da ke nuna hakan. Ƙanina ya jona shi kafin in ankara, ya yi wata irin ƙara, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Duk mai sayen gwanjon kayan wuta ya nemi wannan farantin ya karanta da kansa, in ya ga 120V 60Hz to sai da tiransifoma mai rage wuta.

Wayar ita ta fi tayar mini da hankali. Mai wayarin ɗin da na kira, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya yanko guntu ya fere, ya kankare silin da wuƙa. Jan ya tafi, fari ya bayyana. Ya kunna ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya zube. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. In ka ce in sa maka wannan a bango, sai dai ka nemi wani." Gaskiyarsa. Alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660, jan ƙarfe sai ya haura 1,000, kuma wutar da alminiyom ke iya ɗauka ba ta kai ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya ba. A wurin da za a riƙa jona giranda da injin walda, ga katako ga fenti ga fetur ɗin janareta, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin yarana. Da na ce a sa, da yanzu wani labarin ake.

Fayafayan giranda ma sun tashi aiki. Mutane da yawa ba su san suna da wa'adi ba. A duba zoben ƙarfen da ke tsakiya, ana buga wata da shekarar da za su daina aiki, yawanci shekara uku daga ƙira, saboda ƙaron da ya riƙe su yana lalacewa. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti. Faifai ya tarwatse a wannan gudun, fuska da wuya yake nema. Nawa duka na farfasa su da guduma na zubar, kada wani yaro ya tsinta.

Kantoci da tebur har yau suna "hanya".

Da na kira shi, ranar farko ya nuna mamaki, har da salati, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren kwali. Rana ta biyu ya ce in turo 20,000 kuɗin mota a dawo da su a canza. Rana ta uku ya toshe ni. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wanda bai ci mini minti biyar ba: na shiga shafin binciken kamfanoni na hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, na sa lambar rajistar da ya manna a tallansa. Ta fito da sunan wani kamfani daban wanda ko kusa bai shafi kayan aiki ba. Na ɗauki hoton garejin nan mai kyau na neme shi a Google, sai ga shi a shafukan ƙasashen waje rututu. Na koma kan masu yabonsa a ƙarƙashin talla, "Allah ya saka, kaya sun iso", na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu hoto ɗaya ne da su, babu abokai, babu komai.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tura kuɗi uku, na je wurin 'yan sanda na ba da rahoto, na kuma rubuta takardar koke zuwa EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin ga mai karɓar kuɗin mutane da yaudara, don haka ba ƙaramin laifi ba ne. Sai dai irin waɗannan mutanen ba sa barin kuɗi ya kwana a asusun da aka tura. Wanda abin ya same shi, ya garzaya banki a ranar, kada ya tsaya rarrashi da jiran alkawari kamar yadda na ɓata kwana uku. Kada kuma ya goge hirar WhatsApp don haushi, ita ce hujjarsa. Akwai FCCPC mai karɓar koken masu saye, akwai SON mai kula da ingancin kaya, su ma ana kai musu batun jabu.

Sannan a kula da zagaye na biyu. Mako ɗaya bayan na yi ƙorafi a ƙarƙashin tallan, wani ya turo mini saƙo wai shi ma an cuce shi, amma ya san wani "jami'i" da ke dawo da kuɗi in an ba shi 50,000 na buɗe fayil. Salon rubutunsa da na mutumina kamar an tsaga kara. Ban amsa ba.

Ban ambaci sunan shafin ba don maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ma ba ya daɗewa, wannan ne na uku da na gani da hotuna iri ɗaya. Salon ne ba ya sauyawa: ƙaramin ciniki mai kyau a farko, asusun da sunansa ya saɓa da na shago, ƙarin kuɗin lodi a tsakiya, da kwalin da ba a buɗewa sai an cika. Ba na cewa duk mai sayarwa a intanet ɓarawo ne, ina da abokai masu amana da ke cin abinci ta nan. Amma mai gaskiya ba zai ƙi ka tura ɗan'uwanka da ke Legas ya shiga shagonsa ya jona injin ya ji ƙararsa ba. Ni ina da wanda zan tura, ɗan yayata yana can. Kunyar kada mutumin ya ga kamar ban yarda da shi ba ce ta hana ni.

Garejin kuwa na ci gaba da shi a hankali. Mai walda na bakin layinmu ya haɗa mini kantoci biyu da ƙarfen da na sayo a Ƙofar Ruwa, ina tsaye ana yankawa. Waya na saya a shago, dattijon nan ya kankare ta a gaban mai shagon kafin in biya. Injin huda sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Batiran jabun suna nan na ajiye su a cikin bokitin yashi a tsakar gida, nesa da ɗaki, saboda an ce in riƙe su a matsayin shaida. Duk wanda ya gane salon nan kuma abin ya taɓa shi, ya yi mini magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa, mu haɗa a kai tare. Zuwa yanzu mu huɗu ne.