Auta, kada ka yar da gem ɗin nan tukuna

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da su Yaya da yaran gida baki ɗaya. Mu ma nan Bamingham ta Ingila lafiya lau, sai sanyi da tsawon dare. A wannan watan kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma tuni na daina yi wa mutane kurin cewa ni ɗan Jos ne, na san sanyi.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce ɗaya daga cikin gem ɗin PS4 ukun da ke shagonka na Anguwan Rogo ya koma ƙugi kamar injin markaɗe, yara na tsakiyar buga ƙwallo sai ya mutu, ɗayan kuma shuɗiyar wuta kawai yake ƙyaftawa, babu hoto. Ka rufe da cewa in aiko maka da wani, tunda a wurinmu ai zubar da su ake yi. Zancen zubarwa gaskiya ne, da idona na gani. Amma tsaya in ba ka labarin namu na gida, sai ka yanke wa kanka hukunci.

Na hannu na saya wa 'ya'yanka, irin na farkon nan da ya fito a 2013, mai ƙyalli a gefe ɗaya. Shekara biyu yana zaune a ƙasa kan kafet, a lungun da ke tsakanin talabijin da bango, ba wanda ya taɓa ko share shi. A hankali ƙarar fankarsa ta riƙa ƙaruwa har mamansu ta ce ko dai jirgi muka ajiye a falo. Wata Asabar ya rubuto a fuskar talabijin cewa ya yi zafi da yawa, jar wuta ta kama, ya ɗauke. Laifinmu ne, ba na kowa ba.

Na sa shi a leda na nufi wani shagon gyara, da tunanin abin da na sani a gida: ka miƙa, a buɗe a gabanka, ka sha lemo a kan benci, a ce kawo kaza, ka ce haba maigida, a daidaita. Ina! Saurayin da ke shagon ko ledar bai buɗe ba. Ya ce dubawa kaɗai da kuɗinta, ko ya gyaru ko bai gyaru ba, sannan in dawo bayan mako guda. Da ya lissafa min kuɗin aiki, sai na ga ya kusa rabin abin da na sayi gem ɗin. Shi da kansa ya ba ni shawarar in ƙara kaɗan in sayi wani.

Na fito ina jin haushinsa, amma da na zauna na yi lissafi sai na ga ba zalunci ya yi ba. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya wanda ya kai shekara 21 a nan ya zama fam 12.21 a awa ɗaya. Ka kwatanta da naira 70,000 da aka tsayar a gida a 2024 na wata cur. Aikin awa uku zuwa huɗu a nan ya kai wannan. Kada ka yi saurin lashe baki, kuɗin haya da na ɗumama ɗaki suna nan suna jiransa tun kafin ya shigo hannu. Abin da nake so ka gane shi ne, a ƙasar nan kaya ne ke da arha, hannun mutum ne ke da tsada. A Jos kuwa akasin haka ne. Shi ya sa Bature zai yar da abin da fiyus kaɗai ya ƙone a cikinsa, mu kuma mu gyara rediyon da ya girme mu.

Akwai wani fili da ƙaramar hukuma ta ware, inda ake kai kayan da aka gaji da su. Ranar da na kai tsohuwar katifa na leƙa kwantenar kayan lantarki, na ga talabijin, firinta, injin shara, har da gem guda biyu a jibge. Wallahi sai da zuciyata ta yi zafi. Na tuna 'yan jari bola da 'yan gwangwan na Dilimi, na ce da za a buɗe musu wurin nan yini ɗaya, da kafin la'asar sun share shi tas, rabin kayan kuma sun dawo aiki kafin Juma'a. Amma ba a yarda ka ɗauki ko waya ba. Abin da ya shiga kwantena ya shiga.

In faɗi alherinsu kuma, don kada ka ce na zo da son kai. Idan sabo ka saya, doka na bayanka. Akwai dokar haƙƙin mai saye ta 2015: kaya ya nuna aibu cikin kwana 30, ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Cikin wata shida na farko kuma, mai shagon ne zai kawo hujjar cewa lafiya ya sayar maka, ba kai ba. Ka tuna rasit ɗin da ake ba mu a kasuwar Taminus, wanda aka buga a ƙasansa cewa kayan da ya bar shago ba ya dawowa? To nan wannan rubutu ba ya hana doka aikinta. A 2021 ma sun kafa wata ƙa'ida da ta tilasta wa kamfanoni ajiye kayan gyaran firji da injin wanki da talabijin na shekaru, sai dai ba ta haɗa da gem ko wayar hannu ba. Namu dai na hannu ne, garantinsa ya ƙare tun ɗanka na biyu bai fara tafiya ba, don haka duk wannan bai amfane ni da komai ba.

Wani abokin aikina ne ya ce in je wurin da suke kira Repair Café. A Amsterdam aka fara shi a 2009, yanzu ya bazu garuruwa da yawa. Mutanen unguwa ne, akasari tsofaffin da suka yi ritaya, suke haɗuwa a wani zaure lokaci-lokaci suna taya mutane gyara kyauta, ga shayi ga biskit. Wani dattijo mai gilashi a kan hanci ya saurari ƙarar gem ɗin na minti ɗaya ya ce ƙura ce, je ka buɗe da kanka, ba abin tsoro ba ne. Na yi dariya a raina. Abin da kowane lungu na titin Ahmadu Bello ke yi don neman tuwo, su sun mai da shi aikin sa kai na ƙarshen mako, har ana ɗaukar hoto.

Da dare na yi odar kayan aiki ta waya, washegari kafin azahar an zuro su ta ramin ƙofa. Wannan kam sun fi mu, ba gardama. Lambar gida da lambar unguwa kawai, ba sai an ce bayan masallaci, ka wuce mai shayi, gida mai jar ƙofa ba.

Yanzu ka buɗe kunne, don nan ne maganar take.

Kusoshin bayan PS4 ba irin waɗanda ka saba gani ba ne. Kansu kamar tauraro yake, da ɗan tsini a tsakiya, wasu kuma a ɓoye suke ƙarƙashin sitika. Sukudirebansu daban ne, Torx mai rami a baki, lamba T9 ko T8 gwargwadon irin gem ɗin. Kada ka sa wuƙa ko ka matsa da wanda bai dace ba, in kan kusar ya cinye ka shiga uku. Ka zare wayar wuta tukuna, ka bar shi ya huce. Ka samo kiret ɗin ƙwai, kusoshin kowane mataki su shiga raminsu daban, kuma ka riƙa ɗaukar hoto da wayarka kafin ka cire komai. Baƙin akwatin da wayar wuta ke shiga, ka cire shi gaba ɗaya ka ajiye gefe, kada ka buɗe cikinsa. Yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket, kuma ba ya wasa. Siraran wayoyin nan masu faɗi kamar zirin leda, a hankali ake zare su, ba a fizga.

Da na ɗaga murfi na ga fanka, sai na ce ai ƙurar ba ta da yawa. Ashe ba a nan take ba. Bayan fankar akwai wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran matsefi, ta cikinsu iska ke bi ta fitar da zafi. Auta, abin da na tarar a jikinsu bargo ne sosai, ƙura da gashin kafet sun saƙu sun toshe hanya ruf. Fanka tana ta haƙilo, iska ba ta da wurin wucewa, shi ne ƙugin da kake ji. In nan da ba mu da hazo haka ta taru, ka yi tunanin naka da ke shago a bakin titi, ƙofa a buɗe, yara ashirin na shiga da fita, ga hunturu ya kama. Tsohon buroshin haƙori ya isa. In za ka hura da iska, ka danne fankar da yatsa kada ta riƙa juyawa a banza.

Daga nan na ci gaba har na kai ga fanel. A tsakiyarsa akwai ƙwaƙwalwar gem ɗin, 'yar murabba'i mai sheƙi, kuma tsakaninta da ƙarfen da ke janye zafi ana shafa wani mai ruwan toka. Nawa ya bushe ya zama kamar ƙanzon tukunya. Na goge shi da auduga da sipirit mai ƙarfi, irin wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya. Kada ka lafta, ba man shanu ba ne a tuwo. Kusoshi biyun da ke danne wurin kuma bi da bi ake ɗaure su, wannan kaɗan, wancan kaɗan, don matsin ya zo daidai.

Awa uku na yi a kan teburin cin abinci, 'ya'yanka sun zagaye ni kamar ana fiɗar rago. Da na haɗa na kunna, shiru. Har na ɗauka bai tashi ba, sai ga hoto ya fito. Sai dai kusa ɗaya ta rage a kiret, har yau ban san gidanta ba.

Na biyun, mai shuɗiyar wuta, kada ka fara da buɗe shi. Canja wayar HDMI, wato wadda ke kai hoto talabijin, gwada wani talabijin, sannan ka haska ramin da wayar ke shiga da tocila ka ga ko haƙoran ciki sun lanƙwashe, don yara na yawan fizgar waya. In duk lafiya, kashe shi gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har ka ji ƙara ta biyu, ka haɗa pad, wato abin riƙewa a buga wasa, da wayar caji. Jerin zaɓi zai fito. Na biyu yana sauya ƙarfin hoto, na biyar yana sake tsara abin da ke cikin ma'ajiya ba tare da goge wasanni ba. Na shida da na bakwai kuwa share komai suke yi, kada hannunka ya kai can sai in ba yadda za a yi. Ina zargin ɗauke wuta ne ya jawo maka, domin gem na tsakiyar rubutu a faifan ajiyarsa a yanke masa wuta, sau ɗaya, sau goma, wata rana faifan zai gaji. Abin daɗin shi ne irin na laftop ne, mai inci biyu da rabi, duk mai gyaran kwamfuta a Jos yana da shi. Ni a shekarun da na yi a nan ban fi sau biyu na ga an ɗauke wuta ba, shi ya sa mutanen nan ba su san wannan ciwon ba. Kai da ke sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, kuɗin da za ka sa a sabon gem gara ka sa rabinsa a ƙaramin UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke. Ka kuma duba fiyus ɗin da ke cikin kan fulogi, tunda irin mai ƙafa ukun nan muke amfani da shi mu da su.

In ramin HDMI ne ya lalace, ko fanel ɗin kansa, to nan iyakar aikin gida. Sai mai injin iska mai zafi da dalma. Kuma a nan ne nake ce maka kun fi mu. Yaran da ke canja wurin cajin waya a Taminus, ko na shagunan Banex in ka shiga Abuja, za su ɗaga maka ramin nan su dasa sabo kana tsaye. A nan sai dai ka aika ta gidan waya ka jira. Abu ɗaya kawai: kada ka yarda wani ya ce zai gasa fanel da abin busar da gashi ko ya naɗe gem da tawul don ya yi zafi. Tun zamanin gem ɗin Xbox 360 da jar wutarsa ake wannan dabarar, matsalar da a 2007 ta sa Microsoft ware fiye da dala biliyan ɗaya don gyara. Yakan tashi na kwana biyu, sannan ya mutu mutuwar da ba dawowa. In kuma Allah ya hore maka PS5 nan gaba, share ƙura kawai za ka yi, kada ka kai ga ƙwaƙwalwarsa. Shi narkakken ƙarfe aka sa masa a maimakon man nan, in ya zuba a fanel an gama.

Akwai wani ɗan Gangare da zai taho hutun ƙarshen shekara, na ba shi lambarka. Zai kawo maka sukudireba biyu, man ƙwaƙwalwa bututu uku, wayar HDMI guda huɗu, da 'yan sandunan pad na canji saboda waɗanda ka ce ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Kafin nan ka ɗaga PS4 ɗin naka duka daga ƙasa ka ɗora a kan katako, ka ba su tazara da bango, in an tashi da dare ka rufe su da zane.

Ka ce wa Hajiya in ɗan Gangaren zai dawo a ba shi kuka da daddawa da yaji, amma ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan, a filin jirgi za su karɓe. In ka buɗe na farkon ka turo min hoton abin da ka tarar a bayan fanka, ina so in nuna wa dattijon nan mai gilashi.

Yayanka.