Kati ko riga da sanda: wanne ne ba zai haɗa ka da uwargida ba?

Malam na ga tambayarka, ka ce tun da ka zo Amurka ka fara tara tsofaffin kayan besbol, kana so ka san wanne ya fi tsakanin katunan 'yan wasa da kayan da aka yi wasa da su irin su riga da sanda da ƙwallo mai sa hannu, ga shi kuma uwargida ta fara cewa kuɗin gida kake zubarwa. Na taɓa dukkan biyun, ni ma akwai iyali a gida, to bari in faɗa maka yadda na gani.

Ta fuskar kuɗi kowanne yana da labarin da ke ruɗar mutum. Katin tsohon ɗan wasan besbol Honus Wagner wanda ake sakawa cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022, a shekarar kuma katin ɗan wasa Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952 ya kai miliyan 12.6, sai rigar da shahararren ɗan wasa Babe Ruth ya sa a 1932 ta zo ta doke su duka a gwanjon 2024 da sama da miliyan 24. Amma don Allah kar ka kai wa matarka waɗannan alƙaluman a matsayin hujja, ba irinsu ne a hannunmu ba. Yawancin katunan da ake samu da araha na ƙarshen shekarun 1980 ne zuwa farkon 1990, lokacin an buga su ba adadi, kwali guda cike da su wani lokacin ko kuɗin cefanen sati ba zai kawo ba.

Wajen gane na gaskiya kati ya fi sauƙi. Kamfani irin PSA yana dubawa ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 ya rufe shi cikin roba, ka duba lambarsa a intanet ka ga nawa aka sayar da irinsa. Duk da haka ba a rasa maguɗi, ai katin Wagner ɗin da ya fi shahara ma daga baya dillalin ya amsa cewa ya datse gefensa don ya yi kyau. Sa hannu kuwa nan ne jabu ya yi katutu, har sai da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi samame na musamman a kan masu ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa wajen ƙarshen shekarun 1990. Riga kuma sai an gwada ta da tsofaffin hotunan wasa, ɗinki da tabo da wajen maɓalli, kuma wannan aikin kuɗi ne.

To yanzu maganar gida, wadda ita ce ainihin tambayarka. Da farko za ka ɗauka kati ne zaman lafiya tunda ɗari biyu ma suna shiga kwalin takalmi, ba ya cin falo, ba hoton mutum a bango, wanda dama gidajenmu da yawa ba a so. Amma wallahi ƙanƙantarsa ita ce matsalarsa, don yana da sauƙin ɓoyewa, kana kwance da waya ka shiga kasuwar intanet ta eBay ka danna dala 30 yau, 45 jibi, ɗan ambulan ya iso ka zura a aljihu kafin ka shiga gida. Ni haka na yi wata uku, ranar da maiɗakina ta ga takardar banki ba yawan kuɗin ne ya ƙona mata rai ba, cewa ta yi me ya sa sai a takarda za ta sani. Kuma tana da gaskiya, don a lokacin muna tara kuɗin da za mu aika gida.

Sanda ko riga ba ta ɓoyuwa. Tsadarta takan sa dole ka yi shawara kafin ka saya, rigimarta ta waje ce, ina za a rataya, wa zai goge ƙura, yara kar su ɗauka su fita da ita. Ƙwallo mai sa hannu ma tana son kulawa, in ka ajiye ta kusa da taga rana tana cinye tawadar a hankali, in aka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma shi kenan an gama da ita. Amma abu ne da take gani da idonta, baƙo ya tambaya a ba shi labari, wata rana ma ka ji ita ke bayarwa.

Ni dai kati zan ce ka riƙe, tsoho mai maki, guda ɗaya mai kyau maimakon tarkace hamsin, amma ku yanke adadin da za ka riƙa kashewa a wata tare da ita, in ambulan ya zo ka buɗe a gabanta. Sannan ka samu littafi ka rubuta kowane abu, nawa ka saya, yaushe, lambarsa, da inda ake sayar da irinsa, ka nuna mata inda ka ajiye. Rai na hannun Allah, in ta Allah ta kasance kayan nan gado ne, kuma in ba ta san darajarsu ba dillalin farko da ya ƙwanƙwasa ƙofa zai kwashe su a kuɗin banza.