Masta a fassara: laburare ko ɗakin labarai?

Ɗalibin masta da ke son hannunsa ya faɗa a fassara hanya biyu ce gabansa. Ko ya tare a laburare da ƙamus ɗin Bargery na 1934, shafi ɗaya sati guda, sufabaiza na bi da jan biro, nahawu zai zauna daram amma fa a hankali. Ko ya nemi gidan rediyo irin Freedom a Kano, a miƙo masa labarin Turanci saura minti goma a karanta, edita na tsaye a kansa, dole Hausar ta fito yadda mai shayi zai gane. Ni dai rediyon na zaɓa wallahi, sai dai can ba mai lokacin zama ya gyara maka kuskure.